Daga CTV 67 Zuwa Wayar Hannunki: Wa Ke Magana a Talabijin Ɗin Ɗakinki?

Ran nan, ranar awo, wata mai juna biyu daga wani ƙauye a bayan Bunkure ta miƙo min wayarta tun kafin in ɗaura mata abin gwajin hawan jini. Ta ce, "Sista, don Allah duba min wannan." Bidiyo ne na minti biyu. Wani mutum sanye da farar riga irin ta likitoci yana rantsuwa cewa garin maganinsa yana wanke mahaifa, yana sauƙaƙa naƙuda, kuma wadda take shan sa ba ta buƙatar ƙwayoyin ƙarin jini da muke bayarwa. A kusurwar hoton akwai tambarin wani gidan talabijin. Na tambaye ta ko ta fara sha. Ta ce kwana tara ke nan, ƙwayoyinmu kuwa ta ajiye su a cikin kwalla. Da na nuna ɓacin raina sai ta dube ni da mamaki, ta ce, "To ai a talabijin aka faɗa."

Ban ga laifinta ba, 'yar'uwa, domin ni ma a kan haka na tashi. A gidanmu da ke Kura, abin da akwatin nan ya faɗa ya zauna. Shi ya sa yau na ajiye zancen girki da raino, ina so mu ɗan waiwayi tarihin gidan talabijin ɗinmu na Kano, mu ga wa ya kafa shi, da wa yake jone, kuma ta wace ƙofa magana take bi kafin ta iso ɗakinki.

Idan kin girma a yankin nan namu na noman rani, kin san irin talabijin ɗin da nake nufi. Fari da baƙi ne, da batirin mota ake kunna shi, an ɗaure eriya a kan doguwar gora a jikin katanga. In iska ta kaɗa hoto ya koma yayyafi, sai a tura yaro ya je ya juya gorar, ana ƙwala masa kira daga ɗaki: "Ya yi! A'a, koma baya kaɗan!" Tashoshi biyu muke kamawa, NTA da CTV. Ba su wuni suna aiki ba, sai da yamma ake buɗewa, mu yara mun riga mun jeru a tabarma muna kallon layukan da ke kan allo kamar su ma shiri ne. A lokacin ban san bambancin da ke tsakanin tashoshin biyu ba. Ashe bambancin babba ne, kuma siyasa ce ta haife shi.

Talabijin ya shigo Najeriya ne a ranar 31 ga Oktoba, 1959, lokacin da gwamnatin Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta buɗe WNTV a Ibadan. Gabas ta buɗe nata a Inugu a 1960. Arewa ta bi sahu a watan Maris na 1962, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, da gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, wanda aka kafa da haɗin gwiwar wasu kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Kin ga tun ranar farko kowace gwamnati muryar kanta take nema. Babu wanda ya buɗe talabijin don nishaɗi kawai.

Sai sojoji suka ga abin ya yi yawa, kowane yanki da bakinsa. A 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta fitar da doka ta 24, wadda aka mayar da aikinta baya zuwa Afrilun 1976, ta tattara duk gidajen talabijin na ƙasar a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Ita ce NTA. Daga nan tashar Kano da ke Bompai ta zama reshe, uwar tana Legas. Wannan shi ne ainihin abin da ake kira netwok: uwa ɗaya, 'ya'ya barjat a jihohi. Kowace 'ya tana da sa'o'in da take yin shirye-shiryenta na gida, amma da lokacin uwa ya yi sai ta yi shiru ta jona. Kin tuna labaran ƙarfe tara na dare? Ana cikin Hausa sai a koma Turanci, mahaifinmu ya gyara zama, innarmu kuwa ta tashi ta shiga haɗa kwanuka, don ta san an gama da ita.

Kada in zalunci NTA, ta yi abin a yaba. Ta hanyarta muka san Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da wasannin Ƙasimu Yero daga Kaduna. Daga Jos aka yi Cock Crow at Dawn a farkon shekarun 1980, wasan da aka gina shi kacokan a kan noma, duk ƙasa tana kallo a dare ɗaya. Sannan ga finafinan Indiya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigi ya gano cewa tsakanin 1977 da 2003 NTA Kano ta nuna finafinan Indiya sama da dubu ɗaya. In kina mamakin inda iyayenmu mata suka haddace waƙoƙin da ba su san ma'anarsu ba, ko inda finafinanmu na Hausa suka samo rawa da waƙa, to ga tushen nan.

To ina CTV ta fito?

Tsarin mulkin 1979 ya sake bai wa jihohi damar mallakar gidajen talabijin nasu. A shekarar ne Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamnan Kano a jam'iyyar PRP, alhali gwamnatin tarayya tana hannun NPN ta Shugaba Shehu Shagari. Ki auna da kanki: gwamna yana jam'iyyar adawa, tashar talabijin ɗaya tilo da ke garinsa kuma tana karɓar umarni daga abokan hamayyarsa. Rimi kuwa ya san darajar makirufo. Ya kafa jaridar Triumph a 1980, sannan a farkon shekarun 1980 ya kafa gidan talabijin na jiha a Hotoro, kan titin Maiduguri, aka sa masa suna City Television, wato CTV. Lambar 67 da ake liƙa masa ba ado ba ce, lambar zangon da yake watsa shiri ce. Tashoshin jihohi an ba su zangon UHF ne, NTA kuma tana kan VHF, shi ya sa gidaje da yawa sai da suka sayi wata eriyar daban kafin su kama sabuwar tashar.

Zamanin ba na wasa ba ne. A ranar 10 ga Yuli, 1981, tarzoma ta ɓarke a Kano bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero. Aka cinna wa gidan Rediyon Kano wuta, aka kashe mai bai wa gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad. Na kawo wannan ne don ki ga cewa a wancan lokacin mutane sun ɗauki gidan watsa labarai a matsayin bakin gwamnati, har in sun yi fushi da gwamnati shi suke fara nufa.

Amma abin da ya sa CTV ta shiga zuciyar mata ba siyasa ba ce. Hausa ce. An samu tashar da take magana da harshen tsakar gida, da fuskokin da za ki iya cin karo da su a kasuwar Kurmi. Wasannin kwaikwayo irin su Bakan Gizo da Hadarin Ƙasa sun tara mutane a ƙofar gidan duk mai talabijin. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano sun samu filin gwada basirarsu, kuma daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ne Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin mafarin Kannywood. Da azumi kuma ga tafsiri. Ni dai muryar mai jan baƙi daga talabijin, haɗe da ƙamshin ƙosai da kunun tsamiya, ita ce azumin ƙuruciyata.

Rimi ya rasu a ranar 4 ga Afrilu, 2010, bayan haka aka sauya wa tashar suna zuwa Abubakar Rimi Television, ARTV. Tsofaffi har gobe CTV suke cewa, kuma ba na gyara musu. Wani abin da ya kamata mu mata mu sani: Hajiya Sa'a Ibrahim ta shugabanci gidan, har ta zama mace ta farko da ta jagoranci ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, BON. In 'yarki ta ce aikin jarida take so, ga wadda za ki nuna mata.

Ga inda mutane ke ruɗewa. ARTV ba reshen NTA ba ce, kuma ba ta da uwa a Abuja. Mallakar gwamnatin Jihar Kano ce, gwamna ne ke naɗa shugabanta, daga baitulmalin jiha ake biyan ma'aikatanta. Takan jona da NTA ne a lokuta na musamman, kamar in shugaban ƙasa zai yi jawabi, inda ake buƙatar dukkan tashoshi su haɗu. Wannan yana da daɗi yana da ɗaci. Daɗinsa, tashar tana da 'yancin cika lokacinta da abin da ya shafi Kano. Ɗacinsa, mai biyan kuɗin kiɗa shi ke zaɓen waƙa. Duk gwamnatin da ta hau, labaran tashar sukan karkata gare ta. Ba Kano kaɗai ba, haka tashoshin jihohi suke ko'ina, haka NTA take da gwamnatin tarayya. Ba cewa nake ƙarya suke yi ba. Cewa nake in kina kallon labarin buɗe sabon asibiti, ki tuna wa ya aiko mai kyamarar.

A 1992 gwamnatin Janar Babangida ta yi doka ta 38, ta kafa hukumar NBC mai ba da lasisi da sa ido, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Channels ta fara a 1995, AIT a 1996. A Kano, Freedom Radio ta zo a ƙarshen 2003 ta sauya yadda ake magana da gwamnati a iska. Sai tauraron ɗan'adam ya yi arha, kwanon dish ya hau rufin gidajen ƙauye, har na ƙasa. A 2010 NTA ta ƙulla kasuwanci da kamfanin StarTimes na ƙasar Sin. A 2014 Arewa24 ta fara watsa shiri da Hausa dare da rana, da tallafin kuɗi daga gwamnatin Amurka a farkonta, kafin ta koma tsayawa da ƙafarta a matsayin kamfani. Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, Labarina, ba sai na gaya miki ba, kin fi ni sanin ranakunsu. Gwamnati kuma ta fara sauya watsa shiri daga tsohon tsari zuwa na dijital, aka fara da Jos a 2016, aka ƙaddamar a Kano a 2021.

Ma'anar duk wannan ita ce, tambarin da kike gani a allo yanzu ba ya gaya miki komai da komai. Dikodar da kika saya, ko StarTimes ce ko GOtv, motar haya ce kawai, tana ɗauko tashoshi ta kawo miki, ba ita ke shirya abin da ke ciki ba. Wani shirin kuma a can waje aka yi shi, tashar gida ta karɓa ta watsa bisa yarjejeniya, kamar yadda BBC Hausa da DW suka daɗe suna yi da tashoshin ƙawance. Irin waɗannan suna da editoci da dokokin aiki, kuma sukan yi tasiri. Ki tuna binciken BBC na 2018 kan shan maganin tari mai kodin, wanda Kano ta fito a cikinsa: kwana ɗaya da fitarsa gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin. Amma su ma kowanne da ƙasar da ke ɗaukar nauyinsa.

Sai kuma wanda ya fi damuna, wanda shi ne ya kawo mu ga baiwar Allahn nan ta ranar awo: sayen fili. Gidajen rediyo da talabijin da kuɗin talla suke rayuwa, ga tsadar dizal, ga albashi. Don haka sukan sayar da minti goma sha biyar ko talatin ga duk mai iya biya, ɗan siyasa ne, mai makaranta ne, ko mai magani. Mutumin ya zo da maganarsa, tashar ta ba shi kujera da fitila. Sau da yawa akan sanar a farko ko a ƙarshe cewa shirin na wanda ya ɗauki nauyinsa ne. To amma wanda ya yanko minti biyu ya jefa a WhatsApp ba ya haɗawa da wannan sanarwar. Abin da ya iso wayarki shi ne farar riga da tambari. Balle yanzu da yaro mai waya zai iya ɗora tambarin kowace tasha a kan kowane bidiyo, har ma a kwaikwayi muryar mai karanta labarai da kwamfuta.

Mu a Kano mun san kuɗin da jita-jita ke ci. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan saboda zargin da ya bazu a kansa, ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004. A tsakanin nan cutar ta yaɗu har ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Kafin a dawo da amincewar iyaye sai da sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya suka yi shekaru suna bi gida-gida, suna kuma magana a rediyo da talabijin na gida, da Hausa, da fuskokin da aka sani. Sai a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Yaran da suka shanye a wancan tsakanin yanzu magidanta ne, wasunsu kina ganin su a kan keken guragu a bakin titin Zariya.

Wannan ne ya sa duk da ƙorafina ba na so tashar jiha ta mutu. Ki duba yankinmu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka faro zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin kanal yana ratsa Bunkure da Garun Malam da Kura, rani da damina. Shi ya ba mu shinkafar da ake sarrafawa a Kura da tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan. Amma ruwan nan da ya ba mu abinci ya zo da nasa. Sauro ba ya tafiya hutu a nan, zazzabin cizon sauro har cikin rani. Ga tsargiya: yaro ya yi wanka a kanal, ƙwayar cutar da ke fitowa daga jikin katantanwa ta huda fatarsa, bayan wani lokaci ya fara fitsarin jini. Har yau ina haɗuwa da iyayen da suke ɗauka alamar balaga ce, alhali ciwo ne da ke iya lalata mafitsara, kuma maganinsa, praziquantel, ba wuyar sha gare shi ba. Ga galan ɗin maganin feshi da ake ɗauraye shi a mayar da shi na ruwan sha ko na manja. Ga maganin kariya daga zazzabi da ake rabawa yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata a damina, wanda na kwana uku ne, amma uwa ta ba da na ranar farko a gaban ma'aikata ta manta da sauran biyun.

Faɗa min, wace tasha ce a Legas ko Landan za ta ware rabin sa'a ta yi bayanin galan ɗin feshi? Wa zai sanar da manomi ranar da hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are za ta rufe ruwa don gyaran kanal? Lokacin da tsutsar tumatir, wadda manoma suka laƙaba wa suna Sharon, ta cinye gonaki a 2016, manyan tashoshi labarin tsadar tumatir a kasuwannin birni suka fi bayarwa. Mu kuwa a nan asarar jarin shekara ce, da auren da aka ɗaga, da yaran da aka cire daga makarantar kuɗi. Haka da korona ta rufe makarantu a 2020, gidajen rediyo da talabijin na gida ne suka koma aji, ana koyar da darasi ta iska. Tashar da take kusa da ke ce kaɗai za ta iya irin wannan, in ta ga dama.

In ta ga dama, na ce. Domin gaskiya rabon da in ga an zo yankinmu da kyamara ba tare da rakiyar wani babban mutum ba, na manta. Kura ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga Hotoro ba. Kuɗin harajinmu ne ke riƙe da gidan, don haka ba roƙo ba ne in mun ce a riƙa zuwa ana jin ta bakin matan da ke turara shinkafa, da masu tsinkar tumatir, da ungozomomi. Shirye-shirye da yawa suna buɗe layin waya, tashoshin kuma duk suna da shafi a Facebook. Maza ne ke cika layin, su yi gaisuwa su kashe. Me zai hana ke ki kira ki tambayi likitan da aka gayyato abin da ke damun ɗanki?

Ni ga abin da nake yi yanzu in an turo min bidiyo mai tambari, kuma shi nake koya wa matan da ke zuwa awo. Nakan tambayi kaina, wannan labarai ne ko fili aka saya? In mutum ɗaya ne ke ta magana, babu mai yi masa tambayar ƙure, ga lambar waya tana yawo a ƙasan allo, to talla ce, ko da an yi ta da sallama da salati. Sai in leƙa shafin tashar na gaskiya in ga ko bidiyon yana can. In magani ne, ina lambar NAFDAC? Ita ma lambar ba ta nufin yana warkar da duk abin da aka lissafa. Maganin da aka ce yana maganin hawan jini da sanyi da rashin haihuwa da basir a lokaci guda, ki riƙe kuɗinki. Wanda kuma ya ce ki daina shan abin da aka ba ki a asibiti, kawo min shi mu gani tukuna.

Ita baiwar Allahn nan, da muka gwada jininta ya yi ƙasa sosai, ga ciki wata bakwai. Na zaunar da ita muka sake kallon bidiyon tare, na nuna mata lambar wayar da ke gudu a ƙasa, na nuna mata inda aka yanke farkon shirin. Ta yi shiru, can ta ce, "Wato kuɗi ya biya aka sa shi?" Na ce ƙwarai, in ma an taɓa sa shi ɗin. Ta ce dubu huɗu ta ba da, kuɗin da ta tara na aikin shinkafa. Mun mayar da ita kan ƙwayoyinta, na ce ta dawo bayan mako biyu da mijinta, ta kuma taho min da ragowar garin a leda.

Ta dawo, ta kawo garin. Mijin ne bai zo ba, wai yana ban ruwa.